Asibiti, mota ko ɗumin ɗaki: me ƙauyukan Wales suka fi buƙata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga masu aikin lafiya a nan Wales ta Birtaniya. Ƙaramar hukumarmu ta fitar da fom na jin ra'ayin mazauna kafin ta tsara kasafin baɗi, kuma tambaya ɗaya ta tsayar da ni: a cikin abubuwan da suka shafi lafiyar jama'a, wanne ya kamata a fara ba kuɗi? Kwana 3 ke nan ina buɗe fom ɗin ina rufewa.

Shekarata 3 ina kula da tsofaffi gida-gida a tsakiyar Wales. Ƙarfe 6 na safe nake fita, wata rana sai na ci mil 90 kafin in dawo, kuma duk tafiyar nan mutum 7 ko 8 na gani. Akwai wani dattijo, tsohon makiyayin tumaki, gidansa na dutse ne a ƙarshen wata siririyar hanya. A sanyin da ya wuce na shiga na same shi a kicin da kwat da hula, ma'aunin zafi na bango yana nuna digiri 11. Kananzir ɗin tankinsa na ɗumama gida ya yi ƙasa, yana lallaɓa shi ya kai ƙarshen wata. Bayan mako 2 ƙirjinsa ya kama, aka kwantar da shi. Cikin kwana 6 likitoci suka ce ya warke, amma sai da ya ƙara mako 5 a kan gado, don babu ma'aikacin da zai riƙa zuwa masa safe da yamma. Ya dawo ƙafafunsa sun saki, matakalar benen da yake hawa da kansa ta gagare shi. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Zuciyata tana ce mini in rubuta kula da tsofaffi a gida da ɗumama gidaje. Amma mai ɗaki inda ke masa yoyo kaɗai ya sani, shi ya sa nake so in ji na sauran ɗakunan.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba dattijon lafiya. Ni dai Maman Ilham da ni ne, nisan asibiti zan sa a sama. Ina aikin jinya a sashen gaggawa, ina ganin waɗanda ake kawowa bayan lokaci ya ƙure. Dubi yankin Powys: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Wales, mutum wajen 133,000, kuma babu babban asibiti ko ɗaya a cikinta. Sai an tsallaka Ingila zuwa Shrewsbury ko Hereford, ko a nufi Aberystwyth ko Merthyr. Mai shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya minti yake ƙirgawa. Ga shi a Afrilun 2024 an yanke shawarar rufe sansanin jirgin asibiti mai saukar ungulu na Welshpool da na Caernarfon, a haɗe su wuri guda a arewacin Wales. Dubban mutane sun sa hannu a takardar ƙin amincewa, har kotu aka je. Idan mutum ya mutu a hanya, wane ɗumin ɗaki kuma ake magana?

Dakta:
Baban Khalifa, ban musa maka ba, amma fom ɗin ƙaramar hukuma ne a hannunta. Yawancinmu muna haɗa su, ni ma sai da na fara aiki a nan na rarrabe. Wales tana da ƙananan hukumomi 22 da hukumomin lafiya 7. Asibiti da likitan unguwa da rigakafi na hukumar lafiya ne, motar asibiti kuma tana da tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya. Ko da yake a Ingila an mayar da sashen lafiyar jama'a hannun ƙananan hukumomi a 2013, a nan ba a yi haka ba, yana cikin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati. Kansila zai iya ɗaga murya kan jirgin asibiti, amma ba shi da kwabo a ciki.

Abin da ke hannunsu shi ne kula da tsofaffi da naƙasassu, gidaje, tallafin motocin bas, makarantu, duba-gari masu binciken abinci da ruwa, lasisin sayar da giya, wuraren motsa jiki, har da banɗakin jama'a, wanda dokar 2017 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta yi masa tsari. In ta rubuta asibiti, za a karanta a ajiye.

Kuma ka duba da kyau, motocin asibitin da ke yin layi a ƙofar sashenku awa da awanni, me ya tsare su? Babu gado a ciki. Me ya cinye gadon? Irin dattijon nan. Duk wata alƙaluman gwamnati suna nuna fiye da mutum 1,000 a asibitocin Wales da likita ya gama da su amma ba a sallame su ba, da yawansu jiran tantancewa ko jiran mai kula suke. Motar da ke tsaye a ƙofarku ita ce wadda ake jira a ƙauye. Bakin zaren yana ofishin ƙaramar hukuma.

Baban Khalifa:
Na yarda da rabin maganarka Dakta. Layin nan ina ganinsa kullum, kuma na san dalilinsa. Amma ko an sallami kowa gobe, mil 40 yana nan mil 40.

'Yar Maraɗi:
Anti Maman Ilham, ki sa albashi da kuɗin mota, don Allah. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aikin dare, amma na fara da gida-gida kamar ke, wata 8 na bari. Ba don na tsani aikin ba. Inda na yi, mintocin da nake cikin gidan mutum ake lissafa mini, tafiyar da ke tsakani ba ta cika shiga ba, kuɗin mil kuma bai kai kwabo 45 ɗin da hukumar haraji ta amince a lokacin ba. Taya 2 na fasa a wata ɗaya, daga aljihuna. Tun Afrilun 2022 gwamnatin Wales ke ba da kuɗi don a biya masu kula albashin da ake kira na rayuwa, madalla, amma a Cardiff mutum zai ga gida 4 a titi ɗaya da ƙafa. A ƙauye awa ɗaya ta aiki tana zuwa da rabin awa ta tuƙi. Ƙaramar hukuma ce ke sayen awannin nan daga kamfanoni, ita ce za ta iya cewa farashin ƙauye daban.

Sannan su sani ƙofar da suke samun irinmu ta rufe. Tun Maris 2024 aka hana sababbin masu kula zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje gaba ɗaya. 'Ya'yan garin kuma suna gama makaranta suke tafiya. To wa zai yi aikin?

Maman Ilham:
Ƙanwata kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu 5 muka fara a zagayenmu, yanzu mu 2 ne.

Malam Ɗan Zariya:
Salamu alaikum. Na makara, amma ina da abu 2 da ban ga an ambata ba, kuma karatun da nake yi a nan yana kai ni gonaki sosai.

Na farko ruwa. Mutanenmu suna ɗauka kowane gida a Birtaniya famfon gwamnati yake sha. Dubban gidaje a ƙauyukan Wales daga idon ruwa ko rijiya ko burtsatse suke sha, kuma tumaki suna kiwo a saman tudun da ruwan ke gangarowa. Ƙaramar hukuma ce doka ta ɗora wa duba irin wannan ruwa, amma gidan da mai shi kaɗai ke sha, sai in ya nema ya kuma biya. Akwai wata ƙwayar cutar gudawa, kiriftosforidiyam, da ke fitowa daga kashin 'yan tumaki da maruƙa, kuma kulorin ba ya kashe ta yadda ya kamata. A ƙarshen 2005 ta shiga ruwan tafkin Cwellyn a arewa, mutum 231 suka kamu, aka yi makonni ana cewa a tafasa ruwa. Wancan ma ruwan kamfani ne mai injiniyoyi, balle tankin da wani ya gada daga kakansa. A shekarar dai aka yi annobar ƙwayar cutar E. coli a makarantun kudancin Wales ta hanyar nama, yaro ɗan shekara 5 ya rasu, kuma binciken da Farfesa Pennington ya jagoranta ya nuna gazawar masu duba wurin da naman ya fito. Duba-gari ba a ganin aikinsu sai ranar da suka gaza, shi ya sa sashensu ke saurin shan wuƙa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Na biyu manoma. Na taɓa tsayawa a gona ranar da ake karanta sakamakon gwajin tarin fuka na shanu. Duk saniyar da ta nuna alama za a tafi da ita a yanka, a hana garken fita har sai an yi gwaji an wuce. Mutumin ya haura shekara 60, ya jingina da ƙofar garke bai ce uffan ba, hannunsa yana rawa. Wanda ya san Bafulatani da shanunsa ya san abin da nake nufi. Irin waɗannan mutane ba sa zuwa wurin likita su ce raina ya ɓaci. Gidauniyar DPJ da aka kafa a Pembrokeshire a 2016, wata mata ce ta kafa ta bayan mijinta mai aikin gona ya kashe kansa, kuma dabararsu ita ce su bi manomi inda yake. Yanzu a wasu kara ana ajiye ma'aikaciyar jinya ranar kasuwa, mutum ya kawo tumaki ya auna hawan jini, daga nan hira ta buɗe. Kuɗin da irin wannan ke ci kaɗan ne.

Dakta:
Na goyi bayan wannan. Kuma duk wanda ke cikin damuwa a Wales, ya buga 111 ya danna 2, dare da rana akwai mai amsawa. A gaya wa maƙwabta.

Hajiya Babba:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni shekarata 30 da wani abu a Cardiff, ban zauna ƙauye ba, amma na yi aiki da tsofaffi har na yi ritaya. Maman Ilham, dattijon naki da wane harshe yake magana?

Maman Ilham:
Welsh, harshen asali na Wales, shi ne harshensa na gida Hajiya. Turanci yake mini, amma in ya gaji sai ya juye.

Hajiya Babba:
To kin gani. Lokacin da gigin tsufa ya kama mahaifiyata a gida, Allah ya jiƙanta, Hausar da ta yi shekara 60 tana yi ta zube, ta koma Fulatancin yarintarta. Jikokinta suna tsaye a kanta ba su san ruwa take nema ba. Da na ga haka a nan ga wata tsohuwa da aka kawo daga ƙauye, ana ta rubuta cewa ta ruɗe ba ta amsa tambaya, sai wata mai shara ta yi mata magana da Welsh, ta ce ciwo take ji a ƙugu. Na koma gefe na yi kuka. A yankin Gwynedd wajen kashi 64 cikin 100 suna jin harshen, a Ceredigion kashi 45, kuma tsofaffin ƙauye sun fi haka. Gwamnati tana da tsari tun 2012, Mwy na geiriau, wai a yi wa mutum tayin kulawa da harshensa ba sai ya roƙa ba. A takarda yana nan. Ki rubuta a ba ma'aikata irinku darasi a cikin lokacin aiki, a biya ku. Kafin nan ki riƙe kalma 3: poen ciwo, oer sanyi, dŵr ruwa.

Abu na biyu kaɗaici. Mu da muka tashi a gidan da ba a rufe zaure, wannan ya fi komai ba mu mamaki. A Powys fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun wuce shekara 65, da yawa sun yi ritaya daga Ingila suka zo, miji ya rasu, 'ya'ya suna nesa. Banki ya rufe, gidan waya ya rufe, cocin ma an sayar. Mutum sai ya yi kwana 4 bai ji muryar kowa ba in ba rediyo ba. A ƙauyen Solva mutanen gari sun haɗa kansu tun 2015 suna zaga tsofaffinsu, kai kasuwa, karɓo magani, zaman hira. Abin da muke kira zumunci ne, su sai da suka yi masa rajista. A tallafa wa irinsu.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Maganar harshe gaskiya ce, ko a sashenmu in tsoho ya zo da dare muna neman mai jin Welsh a cikin ma'aikata.

Amma tunda Dakta ya ce a tsaya ga abin da ke hannun ƙaramar hukuma, to na sauya: mota. Magani kyauta ne a Wales tun 2007, ganin likita kyauta, amma zuwa wurin likitan fa? Daga Aberystwyth zuwa Carmarthen babu jirgin ƙasa tun 1965, a bas sai ka haura awa 2. Wannan ma babbar hanya ce. Ƙauyukan gefe akwai wata bas da ake kira ta waya ta zo ta ɗauke ka, Bwcabus, ta yi shekaru tana yi wa Ceredigion da Carmarthenshire da Pembrokeshire aiki, a ƙarshen Oktoban 2023 aka tsayar da ita saboda kuɗin da ke riƙe da ita ya ƙare. Tsohuwar da ido ya hana ta tuƙi, an ba ta ƙarfe 9 na safe a asibitin da ke mil 35, ta yaya? Sai ta ƙi zuwa, a rubuta ba ta zo ba, bayan wata 6 a kawo mana ita a kwance. Katin bas kyauta na masu shekara 60 yana aljihunta, bas ɗin ce babu.

Ɗan Fagge:
Ni daga Kano nake bin ku, ƙanena ne ya sa ni a zauren. Ku yi haƙuri, amma mutanen da ake ba magani kyauta har a aiko mai yi musu wanka, me kuma ya rage? Mu nan allurar ma kai za ka saya.

Maman Ilham:
Yaya Ɗan Fagge, ba na haɗa wahalarmu ta gida da tasu, na san bambancin, mahaifina a hannuna ya yi jinya. Amma wankan ba kyauta ba ne, ana duba ƙarfin mutum ya biya har fam 100 a mako. Kuma sanyin nan kisa yake. Ana so ɗumin ɗaki ya kai digiri 18, ƙasa da haka jini yana hawa, ƙirji yana kamawa. Mutumin da nake shiga gidansa kullum amana ne a wuyana, ko Bature ne ko Bahaushe.

Dakta:
Bari in ƙara kan ɗumin, don a nan ne nake ganin ƙauye ya fi cutuwa ba a sani ba. Gidajen birni suna kan bututun gas, kuma hukuma tana sa wa farashinsa rufi. Gidajen ƙauye da yawa bututun bai kai su ba, kananzir suke saya, shi kuma babu rufi, kuma dillali ba ya kawo ƙasa da lita 500. Ke nan sai ka tara ɗaruruwan fam a dunƙule, a watan da kowa ke saya. Ga bangon dutse mai shan zafi, ga danshi da fumfuna. Yaran da nake gani da asma da tsofaffin da ke dawowa da ciwon ƙirji, in na tambayi gida sai in ji labari iri ɗaya. Akwai shirin Nest na gwamnatin Wales da ke gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta, amma wa zai cika wa dattijon nan takarda? Intanet ɗinsa ba ta kamawa, kuma mutanen nan suna da kunyar roƙo kamar tsofaffinmu. Ma'aunin talaucin da gwamnati ke rabon kuɗi da shi unguwa-unguwa yake dubawa, talakan ƙauye kuma a warwatse yake, gidansa yana kusa da na mai hali, sai lissafi ya haɗiye shi.

Ku tuna guguwar Darragh a Disambar 2024. Wasu ƙauyukan yamma sun yi kwanaki babu wuta. Tukunyar kananzir ba ta tashi sai da lantarki, famfon burtsatse haka, sabuwar wayar gida mai bin intanet ita ma ta mutu. Ƙaramar hukuma ta san sunan kowane mai rauni a yankinta kuwa? Wannan jerin sunayen ma abin a tambaya ne a fom.

Malam Ɗan Zariya:
Akwai ƙauyukan da suke yin adashin kananzir, gida 20 ko 30 su haɗa oda ɗaya su sami rangwame. Ma'aikaci guda na ƙaramar hukuma zai iya kafa goma irinsu.

'Yar Maraɗi:
Kuma a haɗa da gidan haya. Ƙawata ta sami aiki a bakin teku ta kasa samun ɗaki, rabin titin gidajen hutu ne a rufe. Tun 2023 doka ta ba ƙananan hukumomi damar ƙara harajin irin gidajen har kashi 300 cikin 100, Gwynedd ta sa 150. Kuɗin ya tafi ga gidajen masu aiki mana.

Baban Khalifa:
Yanzu mun ba ta abu 8, fom kuma ɗaya yake tambaya. Ni ina nan kan mota.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na cika na tura yanzun nan. A layin farko na sa kula da tsofaffi a gida, na kuma yi bayani da kalmomin 'Yar Maraɗi: a biya lokacin tuƙi, a yi wa ƙauye farashinsa. Na biyu ɗumama gidaje, na ce a ba mu masu shiga gidajen lamba ɗaya da za mu kira in mun ga ɗaki ya yi sanyi, a turo wanda zai zauna da mutum ya cika masa takarda, don mu ne muke ganin ma'aunin bangon. Na uku mota, Baban Khalifa. Na so in ɗaga ta sama, amma dattijona ko bas ta tsaya a ƙofarsa yanzu ba zai iya taka ta ba. A akwatin ƙarin bayani na sa ruwa da manoma da darasin Welsh, har wurin rubutun ya cika.

Hajiya Babba:
Madalla 'yata. Shi dattijon yaya jikinsa yanzu?

Maman Ilham:
Da sauƙi Hajiya. An sauko masa da gado falo, 'yarsa ta cika tankin tun watan Satumba kafin farashi ya hau. Gobe shi ne na farko a jerina. An ce ƙanƙara za ta kwanta da dare, kuma motar zuba gishirin narkar da ƙanƙara ba ta bin hanyarsa, a babban titi take tsayawa, don haka ƙarfe 5 da rabi zan fita in ajiye mota a gindin tudu in ƙarasa da ƙafa. In na shiga zan tambaye shi oer, in ga ko na faɗa daidai.